Maganar Rifkatu da Na Juya a Gaban Alƙali

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Hafsatu, Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Zariya lafiya, kin tarar da ɗakinki da abokan karatunki cikin alheri. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare miki imaninki da mutuncinki, ya sa ki gama wannan shekara ta ƙarshe ta jami'a da haske. Amin.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa a jakarki, alhali gida ɗaya muke kwana, ga waya a hannun kowa. Mamanki na ba, na ce ta cusa ta tsakanin littattafanki, kada ki gani sai kin isa. Ni da na ci abinci da bakina shekara talatin da ɗaya ina tafinta a kotu, ina juya Hausa zuwa Turanci, Turanci zuwa Hausa, har da guntun Yarabancin Sabon Gari idan ta kama, yau ga shi na kasa yi wa 'yar cikina magana ido da ido. Sau uku ina kiran ki cikin makon nan, sau uku ina ɓigewa da tambayar ko kin gama shirya akwati.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Maganar fom ɗin nan ce. Ranar Asabar kin zo kin durƙusa kin ce akwai ƙungiyar ɗaliban shari'a a makarantarku, masu bin caji ofis da gidajen yari suna neman yaran da aka tsare ba su da mai tsaya musu. Kin ce kina so ki shiga, kuma idan Allah ya sa kin zama lauya, aikin da za ki riƙe ke nan. Kin ce ranar Litinin ake rufe karɓar suna, kuma ba za ki sa hannu ba sai da albarkata. Ni kuwa na buɗe baki na yi ta zuba. Na ce ban kai ki jami'a don ki zama lauyar sadaka ba. Na ce ga manyan 'yan kasuwa a Kantin Kwari suna neman lauyoyi ido rufe, ke sai yaran tasha da 'yan shaye-shaye. Na ce 'ya mace ba ta da abin yi a ƙofar gidan yari. Na faɗi wasu ma da hannuna ba zai iya rubutawa ba.

Kika sunkuyar da kai kika ce, "A yi haƙuri, Baba." Kika tashi kika fita. Da yamma Mamanki ta tsinci fom ɗin a kwandon shara an ninke shi huɗu. Ta ɗauko ta goge shi da dutsen guga, ga shi nan a bayan takardar nan. Kada ki yanke shawara a kansa sai kin karanta zuwa ƙarshe, domin akwai abin da ba ki sani ba game da mutumin da kike neman albarkarsa.

Ummi, ba ki yi laifin komai ba ranar nan. Kin sani, ni ma na sani. Amma kika ba ni haƙuri, domin haka muka tarbiyyantar da ku: babba na faɗa, yaro ya sunkuya ya ce a yi haƙuri, ko da shi ke da gaskiya. Duk wanda ya tashi a cikin Hausa ya san wannan kalma ba ta nufin "na aikata". Ni ma na san haka tun ina firamare. Amma akwai ranar da na tsaya a kotu, da rantsuwa a wuyana, na ce abin da take nufi ke nan.

Shekara ashirin da biyu ke nan, Mamanki na ɗauke da cikinki. Lokacin ina aiki a wata kotun majistare ta ɓangaren Sabon Gari. Kullum da safe idan na sauka a Bata, sai na tsaya wurin wata mai suyar ƙosai da doya a bakin titi, Gwaggo Saratu, Kirista ce daga ƙauyukan Zariya. Ta san yadda nake so, wanda ya ɗan ƙone, yaji a gefe. Tana riƙon 'yar ƙaninta, marainiya, sunanta Rifkatu, doguwar yarinya marar surutu, ita ke kwashe suya kafin ta wuce makaranta. Idan ta miƙo min ƙullin takarda sai ta ɗan rusuna ta ce, "Ga shi, Malam." Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinta ke nan.

A bayan inda suke suya akwai wani mai shagon takalma da ba sa shiri da shi, yana cewa hayaƙinsu na ɓata masa kaya. Wata safiya wani ɗan acaɓa ya kauce wa mota ya bangaji murhun, kasko ya kife, tafasasshen mai ya zuba a ƙafafun 'yar mai shagon, yarinya 'yar shekara huɗu da ke wasa a wurin. Ɗan acaɓa ya ja babur ɗinsa ya ɓace. Mai shago ya rantse Rifkatu ce ta watsa mata da gangan, tunda ko a jiyan sun yi cacar baki da gwaggonta. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, uba ne da ya ga fatar 'yarsa ta saluɓe. Amma duk wanda ke Bata ya san yadda aka yi, ni kaina mai shayin wurin ne ya ba ni labari washegari. 'Yan sanda suka tafi da Rifkatu, ranar Juma'a aka kawo ta kotunmu.

Kuskurena na farko tun kafin alƙali ya zauna na yi shi. Takardar tuhuma ta bi ta hannuna, na ga an rubuta shekarunta goma sha takwas. Ni da nake ganin ta kullum da kayan makaranta, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare! Ba ta wuce sha biyar ba, tsawo ne kawai Allah ya ba ta. Kuma na san abin da lambar nan ke nufi: za a yi mata shari'ar manya, a kai ta inda ake kai manya. Na ce a raina, ni tafinta ne, ina ruwana da abin da ɗan sanda ya rubuta? Na ajiye takardar na ɗauki ta gaba.

Saboda haka idan aka miƙo miki fayil, kafin ki karanta laifin, ki duba shekarun. Kada ki yarda da ido, kada ki yarda da abin da aka rubuta a caji ofis. Yaranmu da yawa ba su san shekarunsu ba, idan aka ce musu "sha takwas ko?" sai su gyaɗa kai. Ki tambaye shi ajin da ya bari, ki tambayi da wa aka yaye su, ki nemi katin asibiti, ko rajistar firamare, ko takardar baftisma idan ɗan coci ne. Tafiya ce mai cin takalmi, na sani. Amma a kan lambobin nan guda biyu ake raba inda yaro zai kwana, da kuma irin mutanen da zai kwana a cikinsu.

Ba a kira ƙararta ba sai da sha biyu da rabi ta wuce. Kowa idonsa na kan agogon bango. Alƙali na so ya tashi, ɗan sanda mai gabatar da ƙara na so ya tashi, ni ma ina so in tashi. Kin san dalilina? Lokacin zafi ne, ina so in samu wuri cikin inuwa a masallacin Juma'a. Wallahi shi ke nan dalilin. Na yi shekaru ina neman wani da ya fi shi nauyi, ban samu ba.

Aka karanta tuhuma da Turanci, na juya mata da Hausa a gurguje. Ba lauya, ba kowa nata kusa, gwaggonta na can waje an hana ta shiga saboda cunkoso. Na ce, "Kin aikata ko ba ki aikata ba?" Ta yi shiru. Na maimaita da 'yar tsawa. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan katakon da ta dafa, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai da ke gefenta na ji.

"A yi haƙuri. Allah ya ba ta lafiya."

Alƙali bai ɗago daga rubutunsa ba, ya ce, "Me ta ce?"

Bahaushe ne, da ya ji da kunnensa da ya gane nan take. Da na maimaita masa kalmominta yadda suke, da ya rubuta ba ta amsa ba, a ɗage zama, a kira shaidu. Minti goma zai ƙara mana, ko sha biyar. Sai na ce masa da Turanci ta amsa laifinta, tana roƙon sassauci. Har na lallashi kaina cewa taimakonta nake, ai wanda ya amsa ana yi masa sauƙi. Mai gabatar da ƙara ya miƙa hoton ƙafafun yarinyar da aka ɗauka a asibiti. Alƙali ya duba, fuskarsa ta canza, ya ce shekara biyu, ba zaɓin tara. Ni na juya mata hukuncin da Hausa. Daga nan na tafi masallaci, kuma na samu inuwar.

Ki ji ni da kyau a nan, Ummi, domin duk abin da na sani na aikin da kike so, a wannan ranar na koye shi. Kada ki taɓa tambayar yaro "ka yi ko ba ka yi ba". Ki ce masa, "Faɗa min yadda aka yi." Kada ki tsaya a kansa, ki nemi benci ki zauna, ko a ƙasa ne. Yaron da aka raina da kunya ba ya musu da babba. Zai ce "to", zai ce "na ji", zai ce "ba zan ƙara ba" a kan abin da bai taɓa yi ba. Mu a gida muna kiran wannan ladabi, muna alfahari da shi, a kotu kuwa shi ke kai yaro gidan yari. Idan ya yi magana a gaban alƙali ba ki ji ba, ki miƙe ki roƙa ya maimaita da ƙarfi, ko ran kowa zai ɓaci. Kada ki bar maganarsa a bakin tafinta, ko da tafintan abokin ubanki ne, ko da kin gan shi da tabon sallah a goshi. Kuma duk ranar da kika ga idonki na komawa kan agogo alhali akwai yaro a gabanki, ki ji tsoron kanki.

Ranar Litinin na sauka a Bata, ƙafata ta kai ni wurin ƙosai bisa sabo. Ba wuta a murhu. Gwaggo Saratu na zaune a kan benci, ta yi tagumi. Tana ganina ta miƙe.

Ta ce, "Malam, an ce kai ne kusa da ita. Don girman Allah, me ta ce?"

Na ce, "Gwaggo, ita ta amsa da bakinta."

"Ta amsa? Rifkatu ta ce ita ta ƙona 'yar mutane?"

Na ce haka aka rubuta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta koma ta zauna ta ce, "Ashe ban san wadda nake riƙo ba."

Tun daga ranar na daina sauka a Bata. Nakan wuce har gaba in dawo da ƙafa ta wani layin. Kina ƙarama kin sha tambayata me ya sa muke zagaye idan za mu kasuwar Sabon Gari, nakan ce miki saboda cunkoso ne.

Ga shawarata a kan wannan. Iyayen yaran nan za su zo miki, mata masu talla, tsofaffi masu gadi, ba su san komai na kotu ba, duk abin da kika faɗa shi ne gaskiya a wurinsu. Kada ki ɓuya a bayan "haka aka rubuta". Abin da aka rubuta, wani ne ya rubuta shi, kuma wanin nan yana iya zama mai sauri ne irina. Idan ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Yaro na iya jure gidan yari idan ya san akwai mutum ɗaya a waje da ya yarda da shi. Ni na shiga tsakanin Rifkatu da mutum ɗayan nan.

Allah bai bar ni ba, sai da ya sake buɗe min ƙofa. Bayan wata uku, kina da kwana goma a duniya, wani matashin lauya ya zo ofis yana nemana. Barista Isiyaku, siriri, dugadugan takalminsa sun cinye, irin masu bin gidan yari suna tsaya wa mutane kyauta. Mu ma'aikatan kotu "lauyoyin sadaka" muke ce musu, idan sun juya baya mu yi dariya. Ya ce ya ga Rifkatu a gidan yari, ta ce masa ita ba ta amsa komai ba. Yana so ya ɗaukaka ƙara, abu ɗaya ya rage masa: in rubuta takardar rantsuwa in faɗi ainihin kalmomin da ta furta.

Ya ce, "Malam Sani, ban ce ka ce ka yi ƙarya ba. Ka ce kuskuren fassara ne. Wa ya fi ƙarfin kuskure?"

Na ce, "Barista, abin da ke rubuce shi ta faɗa."

Ya tattara takardunsa a hankali, ya ce, "To, Malam. Allah na nan." Ya yi ta fama shi kaɗai, amma ba shi da abin riƙewa, ƙarar ba ta je ko'ina ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina don ke na yi, ga jaririya a zanin goyo, idan aka kore ni me za ku ci. Ƙarya ne, kuma kada ki kuskura ki ɗora wannan a wuyanki. Don kaina na yi. Ana yabona a kotun nan, ana cewa ba tafinta kamar Malam Sani, na kasa jure a ce na yi kuskure. Ke ma za ki yi kuskure, Ummi, ba makawa, kina da kaifin kai amma kina da gaggawa irin tawa. Idan kin yi, ki faɗa a ranar, kafin ya kwana. Kuskuren lauya ba irin na tela ba ne da za a farke a sake ɗinki. Akwai mutum a zaune a cikinsa yana ƙirga kwanaki. Kuma za ki gamu da irina da yawa a ofisoshi, masu fara'a, masu tambayar lafiyar iyayenki, su ce ba su tuna ba. Kada ki zage su, amma kada ki yarda daga zuwan farko. Ki koma sau biyu, ki koma sau uku, domin na san abin da ke cin irin mutumin nan idan kin fita.

Kada kuma ki ɗauka duk yaran da za ki gani Rifkatu ne. Wasu sun yi abin da aka ce sun yi, wasu ma sun yi wanda ya fi shi. Za su dube ki ido cikin ido su sharara miki ƙarya, wani ki fito da shi yau, wata mai zuwa ki sake ganin sa a bayan kanta. Ranki zai ɓaci, za ki ce Baba ya faɗa. Ba abin da na faɗa. Yaron da ya yi laifi ma yana da haƙƙin a ji shi yadda ya faɗa, a hukunta shi a matsayin yaro. Ki riƙa zuwa ku biyu, ki kiyaye lokacin sallarki, ki ci abinci kafin ki fita, don na san ki, idan kika sa abu a gaba sai ki wuni da ruwan leda.

Yanzu kin gane abin da ya sa na yi miki tsawa. Kin tuna lokacin hutu da nake tafiya da ke kotu, ki zauna a benci na baya ƙafarki ba ta taɓa ƙasa? Kika dawo gida kina gaya wa 'yan layinmu, "Babana shi ne bakin alƙali." Kika riƙa jera ƙannenki a tsakar gida kina yi musu shari'a, har kyanwar Mamanki sai da kika ɗaure wata shida. Na ji daɗin wannan fiye da duk yabon da aka taɓa yi min. Da kika ce za ki bi yaran da ba su da mai tsaya musu, abin da na hango shi ne ranar da za ki zauna da wata yarinya a gidan yari ta ce miki, "Ni ba haka na ce ba." Ki bi sawu, ki tarar da wani dattijo mai farar hula, ki ga kamar kin san fuskarsa. Tsoro ne ya kama ni, na mai da shi faɗa. Kika kuma ba ni haƙuri da kalmomin nan, da irin sunkuyon nan. Ban iya cin abincin ranar ba.

Ranar Lahadi na gaya wa Mamanki komai. Ba ta taɓa ji ba. Ta bar tsintar shinkafar da take yi, ta ce, "Malam, shekara ashirin da biyu kana kai goshinka ƙasa da wannan a ƙirjinka?" Ta ce, "Tana raye?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ka je ka sani."

Ranar Talata na sauka a Bata. Wurin ya canza, inda murhun yake yanzu masu sayar da kayan waya ne. Na yi ta tambaya har aka kwatanta min wata rumfar kayan miya a cikin kasuwar Sabon Gari. Na same ta tana yayyafa wa alayyafo ruwa. Ta zama babbar mace, da aure, da 'ya'ya uku, tsawon nan dai yana nan. Na yi sallama. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Malam mai yaji a gefe." Ta ba ni kujera. Na zauna, na faɗa mata duk abin da na rubuta miki, ban rage komai ba, har da inuwar masallaci.

Ta ce, "Ai na ji abin da ka ce ranar. Ina aji biyu fa, Malam, na san kalmar da ka faɗa da Turanci. Na ɗauka kai babba ne, ka san abin da ya fi. Na yi ta jira ka gyara."

Na ce ta yafe min don Allah.

Ta sallami wata mai sayen attaruhu, sannan ta dawo kaina. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

Ta ce, "Ni na san ban yi ba, ba ni ce mai buƙatar ji ba. Gwaggo ta zo min gidan yari sau ɗaya. Na rantse mata da Littafi, ta ce Malam ba zai yi mata ƙarya ba, mutum ne mai sallah. Ba ta sake zuwa ba. Saura wata huɗu in fito ta rasu."

Ummi, na sha jin hukunci iri-iri a rayuwata, ni nake juya su da bakina. Ban taɓa jin wanda ya kai wannan ba. Na zauna a kasuwa, tsoho da ni, ina kuka masu ɗaukar kaya na wucewa suna kallona.

Ta bari na gama. Sannan ta ce har yau surukarta ba ta yarda ta ɗauki jikokin gidan idan ana girki. Ta ce babbar 'yarta ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce mata 'yar mai ƙona yara. Ta ce mai shagon takalman yana nan da ransa, idan sun haɗu yakan tofar da yawu. Ta ce, "Ranar Lahadi idan mun taso daga coci, ka zo gidanmu. Zan tara dangin mijina, zan aika a kira mai shagon ma. Ka faɗa da Hausa, da ƙarfi, yadda na baya zai ji. Maganar yafiya kuma sai bayan nan."

Na ce zan zo.

Shi ya sa ba zan raka ki tasha ba ranar Lahadin nan, ni da ban taɓa fashin raka ki ba tun shekararki ta farko. Na san za ki ɗauka fushi ne, kuma na roƙi Mamanki kada ta ce miki komai. Lokacin da kike karanta wannan, ko dai na gama, ko ina tsaye a tsakar gidan mutanen da ban sani ba ina gaya musu ko ni wane ne. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ban san me mai shagon zai yi ba idan ya ji shekara ashirin da biyu yana tsine wa marainiyar da ta yi wa 'yarsa addu'a. Ban san kuma me doka ta tanada wa tsohon tafinta da ya karya rantsuwarsa ba, ke ce mai karatun. Ki tambayi malamanki ko akwai hanyar da za a wanke sunan Rifkatu a takarda, ba a baki kawai ba. Duk abin da ya kamata in rubuta zan rubuta, duk inda aka ce in tsaya zan tsaya. Kada ki sassauta don ni ne.

Albarkar da kika nema na ba ki, ba sharaɗi. Na janye duk abin da na faɗa ranar Asabar. Ki sa hannu ki kai musu ranar Litinin da wuri. Ban san ko albarkar mutum irina tana da wani nauyi ba, amma ita ce da ni, kuma da zuciya ɗaya na bayar. Idan kin ji ba ki son jin muryata na wani lokaci, kada ki tilasta wa kanki, kada kuma ki ba ni haƙuri. Ki kira Mamanki ki ce kin sauka lafiya, zan ji daga inda nake zaune.

Allah ya yi miki albarka, Ummina. Ya buɗe miki kunne, ya ƙarfafa miki zuciya, ya kare ki daga sharrin masu mulki da sharrin gaggawa. Ya sa ki shiga lafiya ki fita lafiya duk ƙofar da za ki ƙwanƙwasa, ya dawo min da ke gida cikin aminci. Ya ba Rifkatu da 'ya'yanta sauƙin abin da na ɗora musu. Ni kuma ki roƙa min Allah ƙafata ta kai ni ƙofar gidan nan, muryata kuma ta fita.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Sani.